Kiran Buron Kunne

Filinge, bayan girbi, 1985

Daga Kumandan Babba, mai riƙe da Buron Kunne, ofishin sauraro na ƙasar Kurfai, Imanan da Tondikandiya, zuwa ga Hamidu ɗan Garba, mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Gaya.

Gaisuwa irin ta hukuma, wadda ba a miƙa hannu. Muna lafiya. Ba mu tambayi taka ba don mun riga mun sani: kana lafiya, in ban da haƙorin nan na hagu da ka ƙi cirewa don tsoro.

Kada ka yi mamakin ganin ajami. Faransanci na takardun da ake ajiyewa cikin kabad ne. Mu ba takarda muke ajiyewa ba, mutum muke ajiyewa.

Bayan haka, mun san kai ne ka zauna gindin gawon da ke bayan shagon Magagi tela, zuwanka gida na ƙarshe, ka tara samari kana ba su labarin wani littafin nasara. Labarin ƙasar da anka ɓalle ƙofofin gidaje duka anka jibge a bariki, kowa yana kwana a buɗe. Da safe kowa ya bi layi ya faɗi mafarkin da ya yi, wanda ya ce bai yi ba a tsare shi sai ya tuna. Mun san da ka gama ka tofar da ɓawon gujiya ka ce, "To, mu ma saura ƙiris." Mun san bayan ka faɗa ka waiwaya. Mu ka nema, ba ka gan mu ba.

Mun san littafin yana cikin rigar matashin kanka. Mun san kana yaro ka shiga rumbu ka yi barci, gari ya fita nemanka har bakin fadama. Mun san ba ka cin kuɓewa.

Mun kuma san tun daga zaman gawon nan ba ka sake taka Filinge ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Wasiƙarka gida ba ta wuce "ina lafiya, a gaida kowa." Akwai wata tsohuwa nan, Haske, kakarka wadda ta goye ka. Ƙafafunta sun kumbura, ko zaure ba ta iya kaiwa. Duk motar da ta yi ƙugi a tasha sai ta ce a dubo mata ko mijinta na lakwal ne. Wannan ma yana cikin laifinka.

Umurni: ka bayyana a Filinge da ƙafafunka kafin watan nan ya mutu. Amsarka ka ba Kailu direba in ya zo ɗaukar rake, ka ce ya jefa ta cikin kogon gawon nan. Ba ruwansa da mai ɗauka.

Ga hatiminmu. Dubi kunnen da kyau.

*

Gaya

Zuwa ga mai girma Kumandan. Ranka shi daɗe.

Ina gaisuwa da ladabi, ina fatan Kumandan yana lafiya shi da iyalinsa. Takarda ta iske ni a filin lakwal. Kailu ya ce kan kujerar motarsa ya tsince ta. Da hannu biyu ya miƙo mini, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Ranka shi daɗe, littafin nan ƙage ne. Wani nasara ne ya zauna ƙasarsu ya ƙirƙiro, bai ma san da tamu ƙasar ba. Wani malaminmu ne ya bar mini shi da zai koma gida. Na ƙone shi, na zuba tokar a masai. Maganar da na yi gindin gawo daɗin baki ne da son a saurare ni. Kowace safiya ni ke sa yara taken ƙasa, direktanmu shaida ne. Ban sake shiga taron kowa ba tun da anka kwashe abokan karatunmu a Yamai. Wanda muke kwana ɗaki ɗaya da shi har yau ba a ce ga inda yake ba, kuma ban tambaya ba, ranka shi daɗe. Ko sau ɗaya ban tambaya ba.

Ina roƙo a yi mini haƙuri har a ba da hutu, don mushe ba ya barin aji sai da takardar izini. Tsohuwa kuwa ba ta san komai ba. Rashin zuwana don kada in ja mata idon hukuma ne. Don Allah a bar ta.

Mai biyayya, Hamidu Garba.

*

Gaya

Baƙo, ɗan gwaggona, taubashina,

Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo da Kaka da ƙanwarmu Balkisu. Yaya ƙafar Kaka? Ina lafiya, sai dai ba na barci.

Karanta wagga kai kaɗai, sannan ka sa ta a murhu. Ba wasa nake ba, ka ajiye dariyarka gefe yau ɗaya.

An rubuto mini daga wani buro da ban taɓa jin sunansa ba. Sun san maganar da na yi gindin gawo, kalma da kalma, har da gujiyar da nake ci. Sun san maganar rumbu. Baƙo, abin da na karanta muku ya iso, kuma ba ta Yamai ya shigo ba, ta cikin garinmu ya tsiro. Wani yana ɗaukar maganarmu yana kaiwa.

Na zauna na tuna waɗanda ke wurin ranar. Kai, da Salisu, da Abdu, duk tare munka tashi. Sai Magagi, wanda tagar shagonsa ke kallon gawon. Ka tuna keken ɗinkinsa ya yi shiru lokacin da nake magana? Wa ke ɗinka wa matan jandarmomi kaya? Wa ke da rediyo mai kama tashoshin waje ba a taɓa ce masa kanzil ba? Na faɗa wa Kailu ya kama bakinsa gabansa. Kai ma haka.

Kuma na ji an ce za ku yi wasan kara bana. Kada ka yi. Na san kai ake ba kumandan kowace shekara, ka sa tabarau na kara kana yi wa dattawa tsawa suna dariya. Wancan zamani ne. Yanzu wanda ka kwaikwaya yana da mai ba shi labari.

Kada ka rubuto mini komai sai gaisuwa.

Hamidu.

*

Filinge

Daga ubangidanka Baƙo zuwa ga bawana Hamidu, wanda na saya da ƙoƙon fura bai cika ba.

Fofo, sannu, Mushe. Kowa lafiya. Hatsi ya yi kyau gonar tudu, ta fadama tsuntsu ya raba da mu. Balkisu ta yaye. Akuyar Inna ta haifi biyu, na sa wa mai tsoron cikinsu sunanka.

Ka ce gaisuwa kawai, to ga ta nan na yi. Sauran ka rufe ido ka karanta.

Ashe manya sun kira ka! Ni da na sha ba ka jin kiran kowa. Inna ta kira, shiru. Kaka ta kira, shiru. Ni na rubuto har tawadata ta ƙare, ka amsa mini da layi biyu kamar mai aika waya. To tun da an samu wanda kake tashi tsaye in ya yi magana, shawarata ka taho. Wanda ya kira ka da takarda ai bai aiko mota ba. Ka zo, ka gaida Kaka, ka ci tuwo, sannan ka nemi buron nasu in ka gan shi.

Amma Hamidu, me ka faɗa wa Kailu? Ka san cikin Kailu ba ya riƙe ko ruwa. Kafin ya sauke rake tasha duk ta ji an tsinci takarda mai kunne kan kujerarsa, kuma Magagi ne kunnen. Ran Lahadi na bi ta shagon, bencin nan da ba a samun wurin zama wayam. Mutane suna sallama daga nesa suna ƙara sauri. Maƙwabciyarmu Mariama ta aiko an karɓe mata zanenta ba a gama ɗinki ba. Magagi ya tare ni ya ce, "Baƙo, wari nake yi ne? Ka shinshina ni don Allah, kai ba ka ɓoye magana." Na yi dariya, ita kuwa ta ƙi fita da kyau. Mutumin nan ba ruwansa. Keken da ka ji ya yi shiru, zare ne ya tsinke. Ni na sani, ina wurin.

Wasan kara kuma ba sai ka hana ni ba. Mun gama ƙera bindigogi, na yi tabarau, na yi taurarin kafaɗa da takardar sigari, Salisu ya haɗa mota sukutum ta kara har da madubi. Sai sarkin samari ya tara mu ya ce bana a bari. Wa ya hana? Ya ce ba wanda ya hana. To me ya sa? Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce a bari dai. Motar Salisu awaki sunka cinye. Ko a majalisar bakin masallaci yanzu farashin hatsi kawai ake yi, shi ma a hankali. Ba soja ko ɗaya da ya ƙaru a garin nan, amma kowa ya shiga taitayinsa.

Kaka ta ce in rubuta maka haka, ba ƙari: "Ka ce wa mijina na lakwal in ya sake ni ne ya aiko in sani, ga na banza nan zaune yana jiran gado." Ni ne na banzan. Ni ke ɗaga ta, ni ke kwantar da ita, kuma kullum sauƙin ɗagawa take ƙarawa. Ka gane abin da nake faɗa maka.

Ka taho, bawa.

*

Filinge

Daga Kumandan Babba na Buron Kunne zuwa ga Hamidu ɗan Garba.

Gaisuwa. Muna lafiya. Amsarka ta iso. Mun karanta, ba mu ji daɗin ƙona littafin ba, ba mu ce ka ƙona ba.

Ka saurara da kyau. Magagi tela ba namu ba ne. Bai taɓa kawo mana ko tari ba. Ka aika wa Kailu ya janye maganarsa, mutane su koma benci.

Na biyu, ba kama ka za mu yi ba. Ba duka, ba ɗauri. Buronmu ya duba laifinka ya ga ƙarami ne, hukuncinsa zaman yini guda kusa da tsohuwa Haske, da cin abin da ta ba ka ko da kuɓewa ce. Ba sai ka jira hutu ba, ka ce wa direkta rashin lafiya ce a gida, ba ƙarya ka yi ba.

Wata ya kusa mutuwa. Muna duban hanya.

Ga hatimi.

*

Gaya

Baƙo,

Ka yi haƙuri da shirun da na yi. Ina gaida kowa. Jikina lafiya.

Sun sake rubutowa. Sun ambaci Magagi. Baƙo, sunan Magagi a takarda kai kaɗai na rubuta wa. Ke nan suna buɗe wasiƙunmu, ko kuma Kailu ma nasu ne, ban sani ba kuma. Sun ce Magagi ba nasu ba ne. Wace hukuma ce ke wanke tela in ba nata ba? Sun ce ba za su kama ni ba. Haka anka ce wa abokin ɗakina, tambaya biyu ce ka dawo, ya bar shayinsa kan wuta. Har da raha sunka saka a ciki, wai kuɓewa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. A littafin nan ma masu karɓar mafarki da murmushi suke karɓa.

Na daina rufe ƙofata, don kada su ce ina ɓoye wani abu. Jiya wani yaro a aji ya tambaye ni me ya sa ake cewa kada a yi magana a tasha, na kore shi waje, yaron da bai yi komai ba. Ba zan iya ci gaba haka ba.

Na yi magana da wani Basarke, masunci mai jirgi. Ranar kasuwa mai zuwa bayan wagga, in mata sun cika jirgi da kaya, zan shiga cikinsu in ƙetare gulbi. Daga can sai inda Allah ya yi. In na zo Filinge, gaban Kaka za su ɗauke ni, wannan ne zai kashe ta, ba ƙafa ba. In ba ni nan, ba su da abin nema gidanmu.

Ka roƙa mini ita gafara. Kada ka ce na gudu, ka ce an yi mini canjin wuri mai nisa. Kekena na bar wa Balkisu wajen maƙwabcina. Wagga na ba wani mai goro ne, ba Kailu ba.

Kai ma ka rage baki, don Allah. Duk garin nan kai kaɗai ne na san cikinka. Kai kaɗai na yarda da kai.

Hamidu.

*

Filinge

Hamidu,

Ba gaisuwa mai tsawo yau. Kaka tana da rai. Kada ka shiga jirgin nan. Kwance ƙunshin da Kailu ya ba ka kafin ka ci gaba da karatu.

Ka gani? Takalminka ne na roba, ƙafar dama, wanda ka bari ƙarƙashin gadon Kaka, mai ƙunar gawayi a baki. Juya dunduniyar. Ga kunnen nan, da askar Salisu na sassaƙa shi, na shafa masa tawadar allo. Dangwala shi a takarda ka gwada da na wajenka. Akwai ɗan tsagu a leɓatun kunnen inda askar ta zame ta yanke ni.

Babu Buron Kunne, Hamidu. Babu kumandan. Ni ne. Wa ya san maganar rumbu in ba wanda ya rufe ka a ciki ba? Wa ya san matashin kanka in ba wanda kuka kwana tabarma ɗaya ba? Na ga ba ka jin kiranmu, na ce bari in ara muryar da kake ji. Na ɗauka za ka karanta ka ce wanga shegen Baƙo ne, ka taho ka mare ni, Kaka ta gan ka. Da amsarka ta fito daga kogon gawo ina ta dariya har na kai inda ka ce ba ka tambaya ba, ko sau ɗaya. Nan ya kamata in tsaya. Sai na ji kunya, na ce bari kumandan ya gyara abin da kumandan ya ɓata. Ka ga gyaran.

Da mai goro ya kawo takardarka ban zauna ba. Na nufi tasha in taho da kaina, Kailu ya ce ba ni da katin shaida, bariyar jandarmomi ta farko za a sauke ni. Sai na tafi wajen Magagi da takalmin a hannu na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce, "Hau bencin." Na hau. Ya ce, "Faɗa musu da muryar da kake yin kumandan." Ranar Lahadi ce, kasuwa cike. Na faɗa. Wasu sun yi dariya, Abdu ya jefe ni da ɓawon rake, Mariama ta maido zanenta. Amma ina saukowa na ji wani yana ce wa wani, "Sa shi anka yi ya faɗi haka." Har yanzu rabin bencin ba kowa. Ni na ƙera abin nan da hannuna daga tsohon takalmi, na ce ƙarya ne, an ƙi yarda da ni. Wannan ban san yadda ake kwance shi ba.

Shi ya sa nake tsoron kai ma za ka ce sa ni anka yi. To ji wannan, ba buron da zai iya ƙirƙiro ta. Na durƙusa gaban Kaka na faɗa mata. Ta ce in miƙo mata ɗayan takalmin. Na miƙa. Ta kwaɗa mini shi a ka, hannun ba ƙarfi, sai da na sunkuya don ya kai. Ta ce, "Wawa. Wanda ke tsoron tsaka kake yi wa wasan maciji?" Sannan ta ce, "Rubuta masa. Ka ce soja ba su san ranar da anka haife shi ba, ni na sani. In kira ne, nawa ya riga nasu."

Ba zan ce maka babu abin tsoro a ƙasar nan ba. Abokin ɗakinka ba ni na ɗauke shi ba. Amma wanga kiran nawa ne, kuma ba kowa a bakin tasha sai ni. Littafinka da ka ƙona, ban da abin da zan biya ka da shi, sai dai labarin yana kaina yadda ka ba mu, har inda matar nan ta cikin labarin ta rataya zanenta a madadin ƙofa. In ka zo in mayar maka.

Kailu ya yi rantsuwa ba zai ɗora rake ko ɗaya ba sai ya sa wannan a hannunka, kuma ba zai taso ba sai da kai a gaba. Ƙafar hagu tana wajen Kaka, ta sa ta ƙarƙashin matashinta, ta ce ba mai karɓa sai mai ita. Zo ka haɗa su. In ka gama gaishe ta, ka cire duk wadda ka ga dama ka dake ni da ita gaban shagon Magagi, ba zan kare ba.

Ni ne na rubuta ta farko, ni ne na rubuta ta biyu, ni ne na rubuta wagga.

Baƙo ɗan Fati. Bawanka, wannan karon ba gardama.